Wen Zhenheng: Mutumin da ya tsara wa malaman Sin teburin rubutu, ya kuma mutu a kan gashin kansa

A watan Yulin 1645 wata doka ta fito daga Beijing, ta gangaro kudu har birnin Suzhou. Sababbin masu mulki, ƴan ƙabilar Manchu, sun ce kowane namiji ya aske gaban kansa, ya bar tukku a ƙeya, ya kitse shi irin nasu. Kwana 10 aka ba mutane daga ranar da dokar ta iso garinsu. Wanda ya ƙi, wuyansa ne zai biya.

A lokacin akwai wani dattijo ɗan shekara 60 da ya gudu daga birnin, ya fake a bakin tafkin Yangcheng. Sunansa Wen Zhenheng. Mutanen Suzhou sun san shi da tsabta da iya zaɓen kaya. Shi ne ya rubuta littafi guda a kan irin teburin da ya dace da mai ilimi, da irin mazubin alƙalamin da za a ɗora a kansa, da adadin zanen da ya kamata a rataya a ɗaki. In da za a tambayi maƙwabta wane ne zai ba da ransa saboda wata aƙida, da wuya su fara ambaton mai lissafin kaskon turare. Amma dai shi ɗin ne. Da dokar ta riske shi sai ya faɗa ruwa, iyalinsa suka tsamo shi, ya daina cin abinci, bayan kwana 6 ya cika.

To, yaya aka yi mai kula da kayan ado ya ƙare haka? Sai mun koma baya.

Gidan da ya fito

An haifi Wen Zhenheng a shekarar 1585 a Suzhou, lokacin daular Ming. A ƙasar Sin sunan gida ne ke zuwa farko, don haka Wen shi ne sunan zuriyarsu, kuma suna ne mai nauyi. Kakan mahaifinsa, Wen Zhengming, wanda ya rayu daga 1470 zuwa 1559, yana cikin manyan masu zane da rubutun hannu da ƙasar ta taɓa yi. Kakansa kuwa, Wen Peng, shi ake dangantawa da al'adar da malamai suka ɗauka ta sassaƙa hatiminsu da hannunsu a kan dutse mai laushi, maimakon su kai wa masu sana'a.

Ka ga kenan yaron ya buɗe ido ne a gidan da ake gane tsohuwar takarda da taɓawa, ake bambanta tawadar kirki da ta banza tun daga ƙanshi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya tashi ya iya zane, ya iya rubutu, ya iya tsara lambu, ya kuma ƙware a kiɗan qin, wani abin kiɗa mai tsirkiya 7 da ake shimfiɗawa a kan tebur.

Abu ɗaya ne ya ƙi ba shi haɗin kai, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati. A zamanin, ita ce ƙofar girma ga duk ɗan gidan ilimi. A 1621 ya kammala karatu a babbar makarantar daula da ke Nanjing, amma bai haye manyan matakan jarrabawar ba. Wansa Wen Zhenmeng, wanda ya girme shi da shekara 11, shi ma ya sha faɗuwa, sai dai a 1622 ya zo na ɗaya a duk faɗin ƙasar. Ƙanen ya koma ga abin da ya fi iyawa. Ya gina lambunsa a cikin birni, mai suna Xiangcao Cha, kuma waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ce duk inda ya sauka sai an share ƙasa, an goge tebur da taga, an kunna turaren wuta kafin ya zauna.

Garin da kuɗi suka yi wa yawa

Kafin a fahimci littafinsa sai an san halin da Suzhou ke ciki. Gari ne na siliki da auduga da hanyoyin ruwa, inda kwale-kwale ke bi ta bayan gidaje. A ƙarshen ƙarni na 16 azurfa ta riƙa kwarara cikin ƙasar Sin daga Japan, da kuma daga ma'adinan Meziko da Potosi ta hanyar tashar Manila. Fatake suka yi kuɗin da iyayensu ba su taɓa mafarki ba.

Wanda ya kafa daular Ming a 1368 ya shimfiɗa dokoki a kan wanda zai sa siliki, da girman gidan da kowane mutum zai gina gwargwadon matsayinsa. Zuwa zamanin Wen Zhenheng, dokokin suna nan a takarda, amma ba mai waiwayarsu. Ɗan kasuwar gishiri zai iya sayen tsohon zane, ya gina lambu, ya cika ɗakinsa da tsofaffin tukwanen tagulla. Masu yin jabu su ma suka samu kasuwa, Suzhou ta yi suna wajen ƙera sabon abu a tsufar da shi.

Nan fa hankalin tsofaffin gidajen ilimi ya tashi. In kowa zai iya sayen abin da kake da shi, da me za a gane ka? Amsar da suka samo ita ce sanin yadda ake zaɓe, da inda ake ajiyewa, da lokacin da ake cewa ya isa haka. Wannan kuwa kuɗi kaɗai ba su sayensa, sai an tashi a ciki.

Littafin kayan da ba dole ba

Wajajen 1620 ne Wen Zhenheng ya kammala littafinsa mai suna Zhangwu Zhi, wanda za a iya fassarawa da bayani a kan kayan da suka yi saura, ko kayan da ba dole ba. Sunan yana da tushe. Akwai wani tsohon labari na wani babban ma'aikaci a ƙarni na 4, Wang Gong, wanda wani ɗan'uwansa ya gan shi zaune a kan kyakkyawar tabarmar gora, ya roƙe shi guda, a zatonsa yana da su da yawa. Wang Gong ya naɗe ta ya aika masa, shi kuma ya koma zama a kan ta ciyawa, domin ita kenan gare shi, ba shi da abin da ya yi saura. Daga labarin mutumin da ba ya tara komai Wen ya ciro sunan littafin da ke lissafa kayan tarawa. Da gangan ya yi.

Littafin kashi 12 ne: ɗakuna da gine-gine, furanni da itatuwa, ruwa da duwatsu, tsuntsaye da kifaye, rubutu da zane, tebura da gadaje, kayan aiki, tufafi, jiragen ruwa da kekuna, tsarin ajiye kaya, ganyaye da ƴaƴan itace, sai turare da shayi. Kowane kashi an rubuta sunan wani sananne da ya duba shi, ciki har da wansa. Ba duka ne nasa na kansa ba, ya ɗebo da yawa daga littattafan magabata irin su Gao Lian da Tu Long, kamar yadda aka saba a lokacin. Abin da ya bambanta shi shi ne kaifin hukunci. Kusan komai yana faɗawa ɗaya daga cikin gida biyu: ya, wato abin da ya dace da mai tarbiyya, ko su, wato na gama-gari, na ƴan kasuwa.

A wurinsa, zane ɗaya tak ake ratayawa a ɗaki, kuma a riƙa sauya shi bisa yanayin shekara. Furen da za a sa a tulu kada ya wuce iri ɗaya ko biyu, in ya yi yawa ɗakin ya zama kamar gidan giya. Lokacin sanyi a yi amfani da tulun tagulla, lokacin zafi na tangaran. Tebur ya zama katako mai kauri da ƙirar da Allah ya yi masa, ba a cika shi da sassaƙar dodanni da tsuntsaye ba. Ko aku bai tsira ba, ya ce wurinta sashen mata ne, ba ɗakin karatu ba. Mai karatu zai lura da yadda yake ɗaukar mata da talakawa, ra'ayin gidansu da zamaninsa ne, kuma bai ɓoye shi ba.

Me ke kan teburin?

Sinawa suna da abubuwa 4 da suke kira taskokin ɗakin karatu: alƙalami, tawada, takarda da dutsen niƙa tawada. Alƙalamin nasu na gashi ne, na akuya ko zomo ko wata dabba, a ɗaure a bakin siririyar gora. Tawadar ba ruwa ba ce, ana haɗa kunkunniya da danƙon da aka dafa daga fata, a zuba a ma'auni ta bushe ta zama sanda. Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa tawadar allo da baƙin tukunya da ƙaro ya san asalin dabarar. In za a yi rubutu sai a ɗiga ruwa a kan dutsen, a riƙa goga sandar a hankali har baƙin ya kai yadda ake so. Duwatsun Duan, daga lardin Guangdong, su Wen ya sa a gaba.

Bayan waɗannan akwai ƙananan mataimaka. Akwai ɗan tulun ɗiga ruwa, da kwanon wanke alƙalami, da matashin da ake jingina shi don kada ya ɓata tebur, da abin danne takarda, da hatimi da jan kwaɓinsa, da kaskon turare. Sai mazubin alƙalami, wanda ake tsayar da alƙaluma a ciki gashinsu na kallon sama don kada ya lanƙwashe. Sai kuma matashin hannu. Shi wannan dalilinsa a fili yake: ana rubutun Sinanci daga sama zuwa ƙasa, layuka na tafiya daga dama zuwa hagu, don haka hannu da hannun riga suna bi ta kan abin da aka rubuta yanzu-yanzu. Sai a ɗora wani abu mai ɗan doro a kan takardar, hannu ya hau kansa, tawada ba ta shafe ba, gumi bai taɓa takarda ba. In ka tsaga gaɓar gora gida biyu, ka samu matashin hannu kenan. In ka yanke ta ƙasa da gaɓa, ka samu mazubi da gindinsa.

Gora da wuƙa

Gora ba ta da tsada, a kudancin Sin ko'ina tana fitowa. Amma malamai suna girmama ta. Cikinta rami ne, suka ce alamar tawali'u ce. Iska na lanƙwasa ta ba ta karye ba, kuma tana nan kore ko a tsananin sanyi. Kalmar da suke kiran gaɓar gora da ita, jie, ita ce kuma kalmar riƙon amana da tsayawa a kan gaskiya. A riƙe wannan, za mu dawo kanta.

A daidai zamanin Wen Zhenheng, sassaƙar gora ta kai ƙololuwa a wani gari mai suna Jiading, wanda a lokacin yana ƙarƙashin Suzhou, yau kuma yana cikin birnin Shanghai. Gida ɗaya ne ya kafa sana'ar: Zhu He, da ɗansa Zhu Ying wanda ya rayu daga 1520 zuwa 1587, da jikansa Zhu Zhizheng da aka fi sani da Sansong, tsaran Wen. Dukansu sun iya zane da rubutu, sai suka mai da wuƙa alƙalami. Suna huda jikin gorar hawa-hawa, duk da kaurinta bai taka kara ya karya ba, har ka ga dutse a gaba, itace a bayansa, mutum a ƙarƙashin itacen, kogo a can ciki. A 1966 an tono wani mazubin turare mai ɗauke da sunan Zhu Ying daga wani kabari a Baoshan, yana gidan tarihi na Shanghai yanzu. Wani mazubin alƙalami mai sunan Sansong, da ke nuna wata budurwa tana karanta wasiƙa wata kuma na leƙenta, yana gidan tarihin fada da ke Taipei.

Aikin yana farawa tun daga daji. Ana sare gorar da ta shekara 3 zuwa 5, kuma a lokacin sanyi, sa'ar da ruwa da zaƙin jikinta suka ragu, don kada ƙwari su cinye ta. A dafa ta, a goge maiƙon, a shanya, sannan a ajiye ta tsawon lokaci a ga wadda za ta tsage. Wadda ta tsira ita ake sa wa wuƙa. Jikinta hawa 3 ne: koren bawo a waje, tsoka mai zare-zare a tsakiya, da wani ɓawo mai ruwan ƙwai a ciki. Akwai salon da ake barin koren bawon ya zama shi ne zanen, a kankare sauran. Da shekaru suka tura, bawon sai ya yi haske, tsokar ta yi ja kamar zuma, zanen ya ƙara fitowa. Zhang Xihuang shi ya yi suna a wannan. Tushen gorar kuma, mai ƙullutu da murɗe-murɗe, da shi ake sassaƙa mutum-mutumi da kofuna.

A Nanjing akwai wani salon na daban, na Pu Zhongqian, wanda aka haifa a 1582. Shi ba ya zurfafa wuƙa, yakan duba yadda tushen ya murɗe, ya taɓa shi nan da can, abu ya fito. Marubuci Zhang Dai ya ba da labarin cewa dillalai da yawa sun ci arziki da aikin hannunsa, shi kuwa yana nan cikin talaucinsa, kuma in bai ga dama ba, ko nawa ka ajiye ba zai yi maka ba.

To, mene ne ra'ayin Wen Zhenheng a kan duk wannan? A nan ne abin mamakin yake. Da ya zo kan mazubin alƙalami, ya yaba wa na gora mai ɗigo-ɗigo ta yankin kogin Xiang, da na gorar da aka ɗaure wa baki da tsohuwar tagulla. Wato gorar da aka bari da kamanninta. Da ya zo kan matashin hannu, ya fifita na tsohon dutsen jed, da wani baƙi mara nauyi da ake kawowa daga Japan. Na gorar da aka sassaƙa wa furanni da mutane kuwa, ya ce sam ba a amfani da shi. Ga gwanaye a ƙofar gida, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, amma irin aikin da ya ɗaukaka su bai shiga teburinsa ba. A idonsa, gwaninta in ta yi yawa takan koma nuna kai, kuma abin da ke sa ɗan kasuwa ya buɗe baki shi ne abin da mai ilimi zai kauce wa.

Ranar da Suzhou ta tashi

Wanda ya karanta littafin kaɗai zai ɗauka mutumin bai san abin da ke faruwa a waje da lambunsa ba. Shekarar 1626 ta nuna ba haka ba ne. A lokacin, mulkin ƙasar yana hannun wani dandaƙaƙƙen bafade mai suna Wei Zhongxian, wanda ya mamaye sarki Tianqi, yana kama malaman ƙungiyar Donglin da ke sukarsa, ana azabtar da su har lahira. Ya turo dogarai Suzhou su kama Zhou Shunchang, wani tsohon ma'aikaci da mutanen gari ke ƙauna saboda gaskiyarsa.

Ranar da za a karanta takardar kamun, dubban mutane suka fito riƙe da turare. Wen Zhenheng yana cikin ɗaliban da suka matsa gaba suka tsaya a gaban gwamna Mao Yilu, suka roƙe shi ya isar da kukan jama'a ga sarki. Tarihin daular Ming na hukuma ya kawo sunansa a cikinsu. Dogaran suka jefar da sarƙoƙi a ƙasa suna daka wa mutane tsawa, sai taron ya afka musu, aka kashe ɗaya, sauran suka tsere ta kan katanga.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda duniyar take. An tafi da Zhou Shunchang Beijing, ya mutu a hannun masu azaba. Mutum 5 daga cikin talakawan gari, ciki har da mai ɗaukar kujerar Zhou a kafaɗa, su aka fille wa kai. Ƴaƴan manyan gida sun sha da ƙyar, amma sun sha. Da sarki ya mutu a 1627, Wei Zhongxian ya faɗi, ya rataye kansa. Mutanen Suzhou suka rushe ɗakin girmamawar da aka gina masa, suka binne mutanen nan 5 a wurin, kuma wan Wen Zhenheng yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Kabarin yana nan har yau a unguwar Shantang.

Fada da kurkuku

Sai da ya haura shekara 50 sannan ya samu muƙami. Wansa ya shiga majalisar manyan sakatarorin sarki a 1635, aka tunkuɗe shi cikin ƴan watanni, ya rasu a 1636. A 1637 sarki Chongzhen ya naɗa Wen Zhenheng marubuci a fada, saboda kyan rubutunsa da sanin kiɗan qin, wanda shi ma sarkin yake so. Ashe abin da ake gani kamar wasa shi ya buɗe masa ƙofar da jarrabawa ta rufe.

Amma fadar Chongzhen wuri ne mai santsi. Sarkin yana da zargi, ƙasa kuma tana ci da wuta: fari da yunwa a arewa, ƴan tawaye na ƙaruwa, Manchu na ƙwanƙwasa ƙofa daga arewa maso gabas. A 1640 aka kama wani malami mai faɗin gaskiya, Huang Daozhou, aka yi masa bulala, aka shiga neman abokansa. Sunan Wen ya fito, aka jefa shi kurkuku. Daga baya aka sake shi, aka mai da shi bakin aiki.

A watan Afrilun 1644 ɗan tawaye Li Zicheng ya shiga Beijing, sarki ya rataye kansa a kan tudun da ke bayan fada. Ba a jima ba sojojin Manchu suka kori ƴan tawayen suka zauna. Ragowar manyan Ming suka naɗa sabon sarki a Nanjing, amma ikon ya faɗa hannun Ma Shiying da Ruan Dacheng, shi kuwa Ruan tsohon yaron Wei Zhongxian ne, bai manta da waɗanda suka tsaya wa Donglin ba. Wen bai ga wurin zama ba, ya koma gida.

Aska

A 1645 Yangzhou ta faɗi cikin jini, Nanjing ta buɗe ƙofa ba faɗa, Suzhou ta bi. Da farko mutane da yawa sun sunkuyar da kai, ai sarauta ta saba sauya hannu. Dokar aski ce ta tayar da ƙura. Namijin Ming ba ya yanke gashi, yana tara shi ne ya ɗaure a tsakiyar kai, domin koyarwar Confucius ta ce jiki da gashi amana ce daga iyaye, ba a taɓa su. Ga wanda aka rena a kan haka, miƙa kai ga wanzami daidai yake da cewa ka bar iyayenka da sarkinka a rana ɗaya, kuma kowa zai gani a goshinka.

Kowa ya yi nasa lissafin. Qian Qianyi, babban malamin zamanin, ya miƙa wuya ya karɓi muƙami. Waɗansu suka aske kan duka suka shiga gidajen ibadar Buddha, don kada su yi tukkun. Mafi yawan jama'a suka yi askin, suka ci gaba da neman abinci, kuma ba mai iya zarginsu. Wen Zhenheng ya zaɓi tafarkin da muka faɗa a farko.

Garin masassaƙan ma bai tsira ba. Jiading ta rufe ƙofofinta ta ƙi dokar, ƙarƙashin malamai biyu, Hou Tongzeng da Huang Chunyao. A watan Agusta Li Chengdong, tsohon hafsan Ming da ya koma wa Manchu, ya fasa garin. Sau 3 ana yi wa mutanensa kisan kiyashi a wannan shekarar. Doka ɗaya ta haɗa mai hukunci a kan kayan tebur da garin da ke sassaƙa su.

Abin da ya biyo baya

Sana'ar ta sake tsirowa, kamar yadda gora ke yi bayan an sare ta. A zamanin sarki Kangxi aka samu Wu Zhifan a Jiading, kuma a 1703 aka kira Feng Xilu da ɗan'uwansa zuwa Beijing su yi wa fada aiki. Sarki Qianlong, jikan Kangxi, har waƙoƙi ya rubuta yana yabon aikin Wu Zhifan. A 1807 Jin Yuanyu ya tattara tarihin masassaƙan gora a littafi, abin da ba a saba yi wa masu aikin hannu ba. A 2006 gwamnatin Sin ta sa sassaƙar gora ta Jiading a jerin farko na al'adun gado na ƙasa. A wannan fagen dai hukuncin Wen bai yi nasara ba. Gorar da aka sassaƙa wa mutane da furanni ita ce yau a cikin gilashi a gidajen tarihi.

Littafinsa kuwa ya rayu. An sa shi cikin babban kundin littattafai da Qianlong ya sa aka tattara. Masu gyaran tsofaffin lambunan Suzhou da masu nazarin kujeru da teburan Ming suna komawa gare shi. A 1991 wani masani ɗan Birtaniya, Craig Clunas, ya wallafa nazari a kansa, inda ya nuna cewa littafin shinge ne da tsofaffin gidaje suka kafa tsakaninsu da sababbin masu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai shingen ya zo da ƙofarsa, domin da zarar an buga littafi, ɗan kasuwar da ake gudu shi ne zai fara saye ya haddace.

Waɗansu na ganin irin rayuwar su Wen ce ta kayar da Ming, manya na gardama a kan tulun fure ƙasa na ƙonewa. Waɗansu kuma na cewa mutumin da ya ƙi ɗora abin da bai dace ba a kan teburinsa, shi ne dai ya tsaya a gaban gwamna a 1626, ya shiga kurkuku a 1640, ya ƙi askar a 1645, kuma hali ɗaya ne ke aiki a duka. Mai karatu na iya auna su da kansa.

A 1776, shekara 131 bayan mutuwarsa, Qianlong ya ba da umarnin a girmama waɗanda suka mutu saboda biyayya ga Ming, duk da cewa kakanninsa suka yi wa tawaye. Wen Zhenheng yana cikinsu. Laƙabin da aka ba shi shi ne Jiemin, kuma harafin farko na laƙabin, jie, shi ne wanda ake rubuta gaɓar gora da shi.